Mu Taka Zuwa Duwatsun Birnin Kudu

 Jarrabawar zangon farko ta ƙarato, bayanta kuma sai hutu. Mun san yadda hutun da yawa daga cikinmu yake ƙarewa: barci har hantsi, kallon ƙwallo, da danna waya har caji ya ƙare. Shi ya sa a wannan makon muka ce bari mu ja ku zuwa wajen gari, mu taka da ƙafa, mu ga abin da ke kusa da mu wanda ba mu taɓa waiwaya ba. Garin da muka zaɓa shi ne Birnin Kudu.

Birnin Kudu yana cikin Jihar Jigawa, kudu maso gabas da Kano, tafiyar sama da kilomita 100. A da yana cikin Jihar Kano, har zuwa 1991 da aka ƙirƙiro Jigawa. Da yawa sun san garin saboda kwalejin gwamnati da ke can, wadda ta yaye mutane irin su Alhaji Aliko Ɗangote, ko kuma saboda babban asibitin tarayya. Amma matafiyi yakan wuce a mota, ya hangi tarin duwatsu a gefen gari, bai san cewa a jikinsu akwai abin da masana ke tasowa daga ƙasashen waje don su gani ba.

Duwatsu uku ne suka fi suna: Dutsen Mesa, Dutsen Habude da Dutsen Murufu. A ƙarƙashin manyan duwatsun da suka yi rumfa, inda ruwan sama ba ya duka sosai, mutanen dā sun zana shanu a jikin dutse. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ce ke lura da wuraren, kuma tana da cibiya a garin inda ake yi wa baƙi bayani. Nan ya kamata tafiyarku ta fara, domin da ɗan gari akan ci gari.

Ranar da muka je da wasu ɗalibai, mun tsaya gaban zanen kowa ya yi shiru yana kallo. Can sai wani yaro ɗan aji biyu ya ce, "Malam, ina tozonsu?" Wallahi tambayar nan ta fi duk bayanin da muka shirya. Ku dubi shanun da makiyaya ke kora a ƙasarmu yau, farare da jajaye, duk da tozo a wuya. Waɗannan na jikin dutse ba su da shi. Da wannan ne masana ke kafa hujja cewa zanen ya daɗe, tun zamanin da shanu marasa tozo ne ke kiwo a wannan yanki, kafin masu tozo su mamaye. Har yanzu akwai ragowar marasa tozo: shanun Kuri masu manyan ƙahoni a yankin Tafkin Chadi, da ƙananan shanun nan da ake kira Muturu a kudancin Nijeriya. Kun ga ke nan tambaya ɗaya ta yaro ta haɗa mana tarihi da ilimin dabbobi a wuri guda.

Abu na biyu shi ne dutse mai kiɗa. Akwai duwatsun da idan aka buga su da ƙaramin dutse sai su yi ƙara kamar ƙarfe, kowane gefe da irin muryarsa. A Birnin Kudu ne wani Baturen Ingila mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya fara rubuta bayaninsu a 1955. Shi ne mutumin da ya yi suna wajen binciken gumakan Nok, kuma ya kafa gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952. Ku lura, shi rubutawa ya yi, amma mutanen gari sun san duwatsunsu tun kafin ya zo. Dalilin ƙarar kuwa darasin kimiyya ne da kuka riga kuka yi a aji: sauti daga girgiza yake fitowa. Dutsen da ya zauna daram a ƙasa, ƙasa takan shanye girgizarsa. Wanda ya dogara a kan wani dutse ta wurare kaɗan, sauran jikinsa na sake, shi ne ke yin amo. A inda aka daɗe ana bugawa za ku ga 'yan ramuka masu santsi, alamar hannuwan da suka riga mu.

Kada hanyar da ke tsakanin duwatsun ta wuce ku a banza. Ku dubi yadda saman dutse ke ɓarewa fale-fale kamar ɓawon albasa. Zafin rana da sanyin dare na cikin abubuwan da ke jawo haka a tsawon shekaru. Ku dubi bishiyar da ta tura saiwarta cikin tsaga, a hankali tana raba dutse biyu. A gonaki kuma ku nemi gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, sabanin sauran itatuwa, shi ya sa manomi ba ya sare shi. Ku ƙirga kuka, tsamiya, ɗorawa da kanya nawa kuka wuce, ku rubuta a littafi.

Yanzu ga abin da ya ɓata mana rai a wannan rana. Muna cikin kallo sai muka ga ɗaya daga cikin yaranmu ya tsinci gawayi, ya matsa jikin dutse zai rubuta sunansa da na ajinsu. Allah Ya sa muka ankara. Yaron ba mugu ba ne, so yake a san ya zo. Amma zanen da ya tsira daga damina da rani na ƙarnuka, gawayi da fenti da gogar hannu na iya kashe shi cikin minti biyar, kuma babu mai iya mayar da shi. Haka zuba masa ruwa don ya fito sosai a hoto, shi ma ɓarna ce. Idan muka lalata, 'ya'yanmu sai dai su ji labari. Mai son a tuna da shi ya ɗauki hoto, ko ya zauna ya kwafi zanen a takarda. Yaron nan da muka karɓe wa gawayi, shi ya fi kowa iya zana saniyar a littafinsa.

Ga mai niyyar zuwa, ga abubuwan da ba a wasa da su. Da farko a nemi izinin iyaye, a tafi a ƙungiya tare da malami ko wani babba, a kuma sanar da mai unguwa ko ma'aikatan wurin. A fita bayan sallar asuba, a dawo kafin rana ta take. Mai tafiya a ƙasa shimfiɗaɗɗiya yakan ci kilomita 4 zuwa 5 a awa, amma a kan dutse lissafin yakan ragu, don haka kada a ɗebo da yawa. Kowa ya riƙe ruwansa, aƙalla lita ɗaya da rabi, da ɗan guzuri irin su gyaɗa, dabino ko ƙuli-ƙuli. A sa takalmi sau-ciki, a bar silifas a gida. 'Yan mata ku ma da ku ake tafiyar nan. A dai ɗaure mayafi da kyau don kada ƙaya ta kama ko ƙafa ta taka.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka zuwa hunturu, daga Nuwamba zuwa Janairu. Ciyawa ta bushe, hanya ta fito, dutse ba santsi. Kada a tura hannu cikin rami ko tsaga, domin nan ne maɓoyar kunama da maciji, kuma kububuwa ba ta gargaɗi mai tsawo. Idan tsautsayi ya faɗa maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure tamau. A kwantar masa da hankali, a hana shi yawan motsi, a garzaya asibiti. Idan an ji kukan ƙudan zuma a kogo, a ja da baya a hankali ba tare da jifa ba. Duk ledar da aka shigo da ita kuma a fita da ita.

Mun san ba kowa ne zai iya zuwa Birnin Kudu ba. Ɗan Zariya yana da Kufena, ɗan Kano yana da Dala da Gwauron Dutse, kuma kusan kowane gari yana da tsohuwar ganuwa, ko kufai, ko fadama, ko burtali da za a bi. Amma a wannan zamani dole mu faɗi gaskiya: akwai yankunan da shiga daji ganganci ne saboda matsalar tsaro. Idan manya suka ce kada a je, to kada a je. A zagaya cikin gari, a zauna da kaka ko tsohon unguwa a tambaye shi asalin sunan kowace ƙofa da kowace rijiya.

Aikinku na hutu ke nan: ku zaɓi hanya ɗaya a garinku, ku bi ta, ku zana taswirarta a shafi guda, ku rubuta abu biyar da kuka gani da tambaya ɗaya da ba ku samu amsarta ba. Ku aiko mana da sunan makarantarku da ajinku, za mu buga waɗanda suka fi kyau idan an dawo hutu.

Allah Ya ba da sa'ar jarrabawa. Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.