Zawon Ƙananan Dabbobi a Damare: Laifin Gada Ne Ko Na Turkenmu?

Malam manomi, duk shekara idan damina ta yi nisa, kogin Binuwai ya cika ya malale fadamun Damare da kewayen tafkin Geriyo a Jimeta, sai zawo ya shiga kashe maruƙa da 'yan awaki. Wasu makiyaya kan ɗora laifin a kan namun daji, irin su gada da mazo, cewa su ne ke gurɓata mashaya. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Cikin masu haddasa wannan zawo akwai wasu ƙwayoyin cuta da ke zaune a hanji, ba a ganinsu sai da madubin likita. Uku ne suka fi shahara: Aimeriya, Kiriptosiporidiyam da Jiyadiya. Masana a Turai da Amurka sun same su a kashin bareyin ƙasashensu, kuma namun dajinmu ma suna ɗauke da nasu.

Sai dai ka sani, kowace dabba da irin Aimeriyarta. Wadda ke kama akuya ba ta cika kama tunkiya ba, balle a ce ta gada ce ke kashe maraƙinka. Daga kashin uwarsa da na sauran garke yake ɗaukar cutar, musamman a turke mai danshi da cunkoso, inda ƙwan cutar kan nuna cikin 'yan kwanaki kaɗan, ya kuma yi watanni bai mutu ba.

Kiriptosiporidiyam kuwa ta fi haɗari, domin wani nau'inta yana kama maraƙin da bai kai wata guda ba, yana kuma kama mutum, musamman yara. Sinadarin kulorin da ake sa wa ruwa ba ya kashe ta cikin sauƙi. A shekarar 1993 ta kwantar da mutum wajen 400,000 a birnin Milwoki na Amurka ta hanyar ruwan famfo. To, ina ga rijiyar da ambaliya ta shafe, kamar yadda aka gani a Adamawa a 2012 da 2022?

Don haka gyara daga gida zai fara. A riƙa share turke kullum, a kai taki nesa da rijiya. A ɗaga kwamin ruwa da na abinci daga ƙasa. A raba ƙanana da manya, a tabbatar jariri ya sha dakashi tun ranar haihuwa. A tafasa ruwan sha bayan ambaliya, a wanke hannu da sabulu bayan taɓa maraƙi mai zawo. Kada kuma a kamo ɗan gada a haɗa shi da awaki, domin sau da yawa shi ke kwasar cuta ya mutu.

Ku kuma malaman gona, ku faɗakar da manoma cewa maganin tsutsar ciki, irin su Albendazole da Ivermectin, ba ya kashe Aimeriya. Maganinta daban ne, kamar Amprolium, kuma likitan dabbobi ne zai ba da shi bayan ya auna kashi. Kuɗin da ake zubarwa a kan maganin da bai dace ba ya isa gyara turke.