Kinosaki: Garin Da Ya Yi Shari'ar Shekara 23 A Kan Ruwan Wanka

Masu bibiyar wannan fili za su tuna cewa na nemi uzuri na makonni biyu saboda tafiya da ta kama ni zuwa ƙasar Japan, inda ɗan ƙanwata yake karatu a birnin Kiyoto. Na yi alkawarin tsaraba, alkawari kuwa kaya ne. Tsarabar da na zaɓo wa mai karatu ita ce labarin kwana biyu da muka yi a wani masaukin gargajiya, irin wanda Japanawa ke kira riyokan, a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Kinosaki da ke lardin Hiyogo, tafiyar kimanin awa biyu da rabi daga Kiyoto a jirgin ƙasa.

Abin da ya tara jama'a a garin nan ruwa ne, ruwan zafi mai ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin ƙasa, wanda suke kira onsen. Japan ƙasa ce da ke zaune a kan wuta, domin tana da duwatsu masu aman wuta fiye da 100 da har yanzu ba su mutu ba, kuma zafin da ke ƙarƙashinsu shi ke dafa ruwan kafin ya fito. Tun a 1948 suka yi doka wadda ta fayyace abin da ya cancanci sunan onsen: ko dai ruwan ya fito da zafin da ya kai digiri 25 a ma'aunin Salshiyas, ko kuma ya ƙunshi wasu ma'adinai da dokar ta lissafa. A wannan ma'auni, ruwan Wikki na Yankari, wanda ɗuminsa ke wajen digiri 31, da a can yake da shi ma onsen za a kira shi. Amma ruwan da ake wanka da shi a Kinosaki ya haura digiri 40, wanda bai saba ba sai ya shiga da kaɗan-kaɗan.

Mun isa da la'asar sakaliya, cikin wani irin sanyi da ya sa na daina ganin girman hunturunmu. A bakin ƙofar masaukin akwai wani ɗan wuri mai kama da zaure, nan kowa ke tuɓe takalminsa, ba ya kuma sake ganinsa sai ranar tafiya. Uwar gidan, wadda ake kira okami, dattijuwa ce da ta ba saba'in baya. Ta durƙusa ta gaishe mu, tana kira na “okyaku-sama”, wato baƙo mai daraja. Wata ma'aikaciya ta raka mu ɗaki. Babu gado, babu kujera, sai tabarmar ciyawa mai kauri da suke kira tatami, wadda ta rufe daɓen gaba ɗaya, da wani gajeren tebur, da matasan zama. Sai dare ya yi ake ciro katifu daga cikin bango a shimfiɗa, da safe a naɗe. Kuɗin masaukin kuwa bisa kan mutum ake lissafa shi, ba bisa ɗaki ba, kuma ya haɗa da abincin dare da karin kumallo.

A nan na tafka kuskurena na farko. Kowane baƙo ana ajiye masa wata doguwar riga ta auduga mai buɗaɗɗen gaba, yukata, da ɗamararta. Na saka tawa, na ɗora ɓangaren dama a kan na hagu, na ɗaure, ina jin kaina kamar wani hakimi. Da ma'aikaciyar ta shigo da shayi, sai na ga ta sunkuyar da kai ta yi wa yaron magana ƙasa-ƙasa. Ya ce, “Kawu, wai ka juya rigar, hagu ne ke hawa kan dama. Yadda ka ɗaura ɗin nan, haka ake yi wa gawa.” Na gyara, ita kuwa ta shagala da jera kofuna kamar ba ta ga komai ba. Na ji daɗin wannan kawaici nata fiye da shayin.

Da na nemi a nuna mini wurin wanka, sai na yi mamakin ƙanƙantarsa. Gida mai hawa uku, mai ɗaukar baƙi da dama, amma kwamin ruwansa bai fi ya ɗauki mutum huɗu ko biyar ba. Na tambayi uwar gidan ta bakin yaron, ko rashin fili ne. Ta yi murmushi, ta miƙo mana takalman katako, da ɗan kwando na sa tawul, da wani kati mai igiya da ake ratayawa a wuya. Ta ce a Kinosaki suna ɗaukar garin gaba ɗaya tamkar masauki guda: tashar jirgi ita ce ƙofar gida, tituna su ne farfajiya, masaukai su ne ɗakunan kwana, gidajen wanka na jama'a kuma su ne makewayin kowa. Katin nan shi ke ba baƙon kowane masauki damar shiga gidajen wankan ba tare da ya sake biyan ko sisi ba. Da gangan ake ƙanƙanta wanka na cikin gida, domin baƙo ya fita.

Da magariba na ga abin da take nufi. Wani ɗan rafi, Otani, ya ratsa tsakiyar garin, da itatuwa masu rassa zube a gefensa, da ƙananan gadoji na dutse. Ko'ina ka duba mutane ne sanye da yukata, tsofaffi da matasa da iyaye riƙe da yara, ƙarar takalman katako na tashi ƙwas-ƙwas, suna fita daga wannan gidan wanka suna nufar wancan. A tsakanin wanka da wanka mai sayar da madara ya samu, mai kayan tsaraba ya samu, mai ɗan shagon wasan yara ya samu. Baƙon da masauki ɗaya ya saukar, gari duka ke cin arzikinsa.

Kada mai karatu ya zaci haka mutanen nan suka faɗo daga sama da halin kirki. Tarihinsu ya nuna da ƙyar suka kai ga wannan tsari. Ranar 23 ga Mayu, 1925, dab da tsakar rana, lokacin da wuta ke kan murhu a kowane gida, girgizar ƙasa ta afka wa yankin. Gobara ta biyo baya ta cinye kusan dukan garin, aka rasa rayuka fiye da 400 a faɗin yankin. Da aka tashi sake gini, gidajen wankan jama'a aka sa a gaba, aka faɗaɗa rafin da tituna, aka kuma mayar da masaukai kan fasalinsu na katako. Sai ga shi a 1927 ɗaya daga cikin manyan masaukan garin ya bayyana niyyar janyo ruwan zafi daga filinsa zuwa cikin gida, domin baƙinsa su yi wanka ba tare da sun taka titi ba. A wajensa hujja a fili take: filinsa ne, kuɗinsa ne, kuma haka ake yi a sauran garuruwa. A wajen mutanen gari kuwa, rijiya ce ta bayar guga ke shirin hanawa, domin idan kowane mai hali ya haƙa nasa, ruwan jama'a zai ja baya, titi kuma zai mutu. Aka shiga kotu, gari ya rabu biyu, ba a sasanta ba sai a 1950. Sulhun da aka yi shi ne: ikon maɓuɓɓugan ruwan ya koma hannun hukumar da ke riƙe da dukiyar al'ummar garin, a raba wa masaukai daga tukunya ɗaya, a yarda su yi wanka na cikin gida amma da iyaka a girmansa. Ƙaramin kwamin da na raina, ashe shaidar sulhun shekara 23 ce.

Yanzu kuma ga inda gizo ke saƙar a wajena. A gidajen wankan nan maza daban, mata daban, ana gane ƙofar maza da shuɗin labule, ta mata da ja. Amma bayan labulen babu mai sa komai a jikinsa, ko gajeren wando ba a yarda a shiga ruwa da shi ba. Ga Bajapane wannan ba abin kunya ba ne, har suna ganin a cikin ruwan ne babba da yaro, mai kuɗi da talaka, ke zama ɗaya. Ni kuwa tarbiyyata da addinina ba su ba ni damar buɗe al'aurata a gaban wani ba, balle a ce a gaban ɗan ƙanwata. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemo ka ɗaura. Na ɗaura tawa jelar a rigar, na ɗaura a zaman ƙasa, har ƙaguwar teku da garin ke alfahari da ita a lokacin sanyi na daure na ɗanɗana, bayan mun roƙa tun kafin mu zo a cire mana naman alade da duk abin da aka dafa da giya. Amma wannan jelar ta fi ƙarfina.

Abin ya dame ni fiye da yadda mai karatu zai zata. Ga gari da ya sha wahala domin kada kowa ya keɓe ruwa shi kaɗai, ga ni kuma baƙo ina shirin neman a keɓe mini. Na ji tsoron kada a ɗauka ƙyamar jama'a nake yi. Na ce wa yaron ya yi wa uwar gidan bayani a tsanake, ya kira ta “Okami-san” kamar yadda kowa ke kiranta, ya ce mata ba raini ba ne. Ba ta bari ya ƙarasa ba. Ta ce akwai ɗan ɗakin wanka da iyali ko mai lalura ke kamawa na wani ɗan lokaci, ya kulle ƙofa. Ta rubuta mini ƙarfe tara na dare, ta rubuta wa yaron bayan na fito. Sannan ta ƙara da maganar da har yanzu nake juyawa: ruwan da ke ciki, in ji ta, shi ne dai ruwan da ke sauran gidajen wankan, kuma bayana akwai mai shiga, don haka ƙa'idar ba ta canza ba.

Ƙa'idar kuwa ita ce ba a shiga ruwan domin a wanke dauɗa. Akwai 'yar kujera da famfo da sabulu a gefe, nan za ka zauna ka cuɗa jikinka sarai, ka ɗauraye har kumfa ta ƙare, sannan ka shiga kwamin. Ɗan tawul ɗinka ba ya taɓa ruwan, a kai ake ɗora shi ko a ajiye a gefe. In ka gama ka ɗauraye kujerar da ka zauna, ka kife ƙwaryar wankan yadda ka same ta, ka goge jikinka kafin ka taka inda ake sa kaya. Na yi duk wannan ni kaɗai a bayan ƙofa kulle, babu mai gani na. A nan na gane cewa abin da garin ke nema daga baƙo ba tsiraicinsa ba ne, amana ce: ka bar ruwan yadda na bayanka zai shiga bai ji ƙyama ba. Wannan kuwa jela ce da kowane mai mutunci zai iya ɗaurawa.

Washegari na sami rabona na ruwan jama'a. A bakin titi akwai wuraren da ake zama da tufafi a tsoma ƙafa kawai cikin ruwan zafi, kyauta. Na naɗe ƙafar wando na zauna kusa da wani tsoho da jikarsa. Ba mu jin harshen juna, amma ya matsa mini, na gode masa da kai, muka yi shiru ƙafafunmu na cikin ruwa ɗaya.

A zaune a wurin na tuna da rijiyar unguwarmu ta lokacin ƙuruciya, wadda kowane gida ke aiko da mutum ranar yasa, wadda kuma ba a yarda yaro ya jefa guga mai ƙasa a cikinta ba. Yau duk mai hali ya haƙa burtsatse a cikin gidansa ya ja katanga, rijiyoyin maƙwabta na ƙafewa, mai ƙaramin ƙarfi ya koma sayen jarka a hannun 'yan garuwa. Hujjar kowa ita ce hujjar wancan masauki na 1927: filina ne, kuɗina ne. Ba na cewa mu kwafo Kinosaki, domin ruwan sha da ruwan shaƙatawa ba ɗaya ba ne, kuma da yawa ba su haƙa ba sai da famfo ya daɗe da ƙafewa. Abin da nake cewa shi ne ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san katanga ba, kuma mutanen da suka zauna suka yi rigima a kan wannan gaskiya har suka sa wa kansu iyaka, yau jikokinsu ke cin moriyar.

Ranar da za mu tafi muka tarar da takalmanmu a zaure, an goge su, an juya bakinsu yana duban waje. Na sa hannu a aljihu zan yi ihsani, yaron ya riƙe ni ya ce, “Kawu, ba a yi a nan.” Uwar gidan ta rako mu har titi cikin sanyin nan, ta sunkuya. Da muka kai kwanar da za ta ɓoye mu na waiwaya, tana nan tsaye ba ta koma ciki ba.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.