A Ba Waƙa Wurinta A Makaranta

Cikin darussan da a ke koya mana don mu je mu koyar, babu wanda 'yan'uwa suka raina kamar waƙa. In sa'arta ta zo, wani ya ce kansa ke ciwo, wani ya ɓoye littafin lissafi ƙarƙashin tebur, wani kuwa ya fito fili ya ce shi ba ɗan maroƙa ba ne. Mu dai muna ganin wannan raini asara ne, asarar kuwa kan yaran Dingyadi da Boɗinga da Shagari za ta faɗa, waɗanda za a danƙa mana gobe.

Mai cewa waƙa aikin maroƙa ne, to, ya dubi ƙasar da ya ke tsaye a kai. Shehu Usmanu ya zauna Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuwa yana Boɗinga. Gaskiya ne sun tsananta a kan kiɗan shashanci, ba mu musun wannan. Amma da suka tashi kai ilmi ga makiyayi da manomi, waƙa suka tsara, da Larabci da Fulatanci, aka mai da da yawa Hausa. Nana Asma'u ta ɗora a kai. Jajojinta su kan zo daga ƙauyuka su ɗauki waƙa a ka, su koma su rera wa matan da ba su taɓa riƙe alƙalami ba. Babu allo, babu takarda, karatu kuwa ya isa har bakin turmi.

Ba sai mun je nesa haka ba ma. Malam Shehu Shagari, wanda ya zama Shugaban Ƙasa a 1979, malamin makaranta ne irinmu tun farko. Ya fito Kwalejin Kaduna a 1944, ya kama koyarwa a Midil ta Sakkwato, a 1948 kuma ya tsara Waƙar Nijeriya, ya zuba labarin ƙasa da tarihi cikin baitoci don yara su riƙe. Ba mu ji wanda ya kira shi maroƙi ba.

To, me ya sa abin da aka rera ya ke zama a ka, wanda aka faɗa kawai ya tashi? Dalili shi ne baiti awonsa a ƙayyade ya ke. Kowace kalma da gurbinta, in ɗaya ta faɗi sai kari ya yi ɗingishi, kunne ya ji, ƙafiya kuma ta taya mutum laluben wadda ta ɓace. Masana a Jami'ar Edinbura sun gwada wannan, suka buga sakamako a 2014. Sun ɗauki mutum 60 aka koya musu jimloli na harshen Hungari, wanda babu mai jinsa a cikinsu. Waɗansu suka maimaita da magana, waɗansu da rerawa, masu rerawa kuwa suka fi riƙewa. Malamin da zai koya wa ɗan Dingyadi Turanci ya kamata ya tsaya a kan wannan.

Mai kiɗa da hannunsa ya fi samun riba. Ku dubi mai kalangu. Hannu guda yana buga gula, ɗaya yana matse igiyoyi a hammata yana saki, don fata ta hau ta sauka yadda muryar Bahaushe ke yi, har ganga ta kira sunan mutum ya waiwaya. Kunne yana saurare, ido yana kan masu rawa, duk a lokaci ɗaya. Ƙwaƙwalwa kuwa ɓari biyu ce, dama da hagu, da wata gada ta jijiyoyi tsakaninsu. A 1995 wani likita Bajamushe, Gottfried Schlaug, da abokan aikinsa suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar makaɗa 30 da ta mutum 30 da ba su kiɗa. Suka tarar gaban gadar nan ya fi kauri ga makaɗa, musamman waɗanda suka soma kafin shekara 7. Watau daidai shekarun da yaro ke shigowa hannunmu ke nan.

Akwai abin da ya fi wannan ban mamaki. Mutumin da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, sau da yawa harshensa kan ɗaure, domin wurin magana a hagun ƙwaƙwalwa ya ke ga yawancin mutane. Amma irin wannan majinyaci ya kan iya rera waƙar da ya sani tun yarinta. A 1973 likitoci a Boston ta Amurka suka mai da wannan magani, a na sa majinyaci ya rera abin da ya ke so ya faɗa, sannu sannu har ya koma faɗa. A na aiki da dabarar har yau.

Jiki ma yana da nasa rabo. Mai rerawa tilas ya ja numfashi da yawa, ya sake shi a hankali, wannan kuwa yana kwantar da bugun zuciya. A 2013 aka auna masu waƙar taro a Gotenbag ta Suwidin, aka ga zukatansu na hawa da sauka tare. Manomanmu ba su da abin awo, amma sun san gayya ba ta tafiya sai da gangar noma, mata kuma sun san lugude ya fi daka kai kaɗai sauƙi.

Amma fa kada mu cika baki. A 1993 an baza labari a Amurka wai jin kiɗan Mozart yana ƙara basira, har gwamnan Jihar Jojiya ya nemi kuɗi a 1998 don a riƙa ba kowane jariri faifai. Da aka sake gwadawa sai aka ga abin ɗan kuzari ne na mintoci kaɗan. Waƙa ba za ta mai da daƙiƙi gwani dare ɗaya ba, kuma ribar tana ga mai yi, mai saurare ɗan tsintuwa ya ke samu. Nan ne abin tsoro ya ke a zamanin nan. Yara sun fi kakanninsu jin kiɗa nesa ba kusa ba, ga shi cikin waya dare da rana, amma dandali ya yi shiru, 'yan mata da yawa ba su san waƙar gaɗa ko ɗaya ba.

Saboda haka ga roƙonmu ga shugabannin kwaleji. A hana cinye sa'ar waƙa da wani darasi. Kada ɗayanmu ya karɓi takardar fita sai ya tsara baitoci goma a kan darasin da zai koyar, ko kogunan ƙasa ne, ko lissafin sau, ko wanke hannu, ya kuma tsaya gaban aji ya rera su. A riƙa gayyato mai gangar noma sau ɗaya a zango ya nuna mana yadda a ke sa fata ta yi magana. Kayan kiɗan Turawa ba mu roƙe su ba, mun san babu kuɗinsu. Tafi ba a saye, ƙwarya kuwa akwai ta a kowane gida a Dingyadi.