Ku Riƙa Rubuta Dalili A Gefen Umarnin Kwamfuta

Jama'a, 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in yi magana a kan wani ɗan ƙaramin abu wanda yawancinmu muka raina a darasin kwamfuta, alhali kuwa rainin nan ya taɓa jawo wa gidanmu hasarar fiye da buhun gero guda. Abin nan shi ne sharhin da mai rubuta wa kwamfuta umarni yakan ajiye a gefen aikinsa.

Bari in fara yi wa iyayenmu bayani, don kada su ce yara sun shiga yarensu sun bar su a waje. Ita kwamfuta ba ta da wayon kanta. Sai an rubuta mata umarni layi bayan layi, a ce ɗauki wannan, haɗa shi da wancan, raba shi gida kaza, sannan ta aikata. To, a cikin layukan nan akwai waɗanda ba don ita ake rubuta su ba, don mutum ake yi. A harshen BASIC, wanda John Kemeny da Thomas Kurtz suka ƙago a Amurka cikin 1964, kuma wanda muka fara cin karo da shi a littattafanmu, in ka soma layi da REM, injin zai tsallake shi ya wuce abinsa. A harshen Python kuwa, wanda ya fito cikin 1991, alamar nan ake sawa mai kama da gidan dara, watau #. Duk abin da ya biyo bayanta a layin, ko da zagi ne, injin ba ya ko kallonsa. Wannan shi nake kira sharhi.

Da yake injin ba ya karantawa, sai abokaina suka yanke hukunci cewa ɓata lokaci ne. Ni ma da haka na ɗauka. Ga abin da ya sauya mini ra'ayi.

Babana yana sayen gero lokacin kaka a kasuwannin ƙasarmu ta Buji, ya adana, ya riƙa sayarwa tiya-tiya idan an shiga bazara. Yayana, kafin ya tafi bautar ƙasa, ya rubuta masa wani ɗan lissafi a tsohuwar kwamfutarsa ta hannu. Kana gaya mata buhu nawa aka saya da nawa aka kashe, sai ta faɗi tiya nawa za a samu da kuɗin da ya kamata a sayar da kowace tiya. Shekara biyu ana aiki da shi ba a taɓa samun kuskure ba. Da Yaya ya tashi tafiya sai ya bar mini injin, ni kuwa lokacin kaina ya fara kumbura don na ci jarrabawar kwamfuta da kyau.

Ran nan na karɓo ta daga wurin mai caji, na buɗe lissafin ina dubawa, sai na ga wani layi ya ce a ninka yawan buhuna da 38. A gefensa Yaya ya yi sharhi, ya rubuta cewa nan ana ninka buhu da 38. Na ce a raina, ashe Yaya ma yana kuskure! Wane yaro ne a gidanmu bai san buhun Baba tiya 40 yake ci ba? Nan take na goge 38 na sa 40, na gyara sharhin shi ma, na rufe injin ina jin kaina gwani. Ban gaya wa kowa ba.

Shekarar nan buhu 25 Baba ya saya. Injin ya ce za a samu tiya 1,000. Na tuna Baba ya ɗan yi jim da ya ji adadin, amma da yake abin bai taɓa yi masa ƙarya ba, sai ya yanka farashi a kan haka. Da aka share ɗakin ajiya aka duba littafi, tiya 950 aka sayar. Tiya 50 ta yi ɓatan dabo, watau buhu guda har da ɗoriyar tiya 10. Aka fara kallon yaron shago da wani irin ido, bawan Allah, shi da bai ci nanin ba nanin ta so ta ci shi. Da na ga abin zai kai ga a kori marar laifi, sai na je na durƙusa na faɗi abin da na yi.

Baba bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Kai yaro, ka taɓa ganin an sayar da gero da tsakuwarsa? In an tankaɗe an fid da ƙasa da ƙaiƙayi, ga abin da ke zuba wajen awo, tiya biyu nake cirewa a kowane buhu. Ni na gaya wa yayanka ya sa 38."

Laifina ne, ban musa ba, don na taɓa abin da ban gane ba kuma ban tambaya ba. Amma ku dubi sharhin da Yaya ya bari. Ya gaya mini abin da idona ya riga ya gani, cewa ana ninkawa da 38. Abin da idona ba zai iya gani ba, watau dalilin 38 ɗin, shi ne ya riƙe a cikinsa ya tafi da shi bautar ƙasa. Da ya rubuta cewa Baba yana cire tiya biyu saboda tsakuwa da zuba, da ko kusa ban taɓa layin nan ba. Kalma tara ke nan, ba su kai minti ɗaya ba.

Saboda haka idan ɗan ajinmu ya tambaye ni me ake rubutawa a sharhi, amsata guda ce: rubuta abin da layin ba zai iya faɗa da bakinsa ba. Layi yana iya faɗin abin da yake yi. Ba ya iya faɗin wanda ya sa a yi haka, ko don me, ko da wane mudu aka auna. Maganar mudu kuwa ba wasa ba ce. Cikin watan Satumba na 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi hasarar wani kumbo da ta aika duniyar Mars, don ƙungiya ɗaya ta ma'aikata ta ba da lambobinta da ma'aunin fam irin na Ingilishi, ɗaya ƙungiyar kuwa ta karɓe su a kan ma'aunin mita ne. In masana irin waɗannan za su yi tuntuɓe a kan ma'auni, ina ga mu da tiyar wannan kasuwa ma takan bambanta da ta waccan? Duk lambar da ka sa, faɗi ko naira ce ko kwabo, ko tiya ce ko buhu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, wannan al'ada da muke ɗauka ta Turawa ce, kakanninmu sun daɗe da ita. Duk wanda ya taɓa zama a zauren malami ya ga tsohon littafi rubutun hannu, ko Ahalari ko Ishmawi ko Risala, ya san yadda masu kwafa suke barin fili mai faɗi a gefe da tazara tsakanin layuka. Ba tawada ce ta ƙare musu ba. Wurin nan an bar shi ne don ƙananan rubutun da malamai ke kira hashiya. Wani ya fassara kalma mai wuya da ajami, wani ya nuna inda mai kwafa ya yi tuntuɓen alƙalami, wani ya kawo abin da ya ji daga bakin malaminsa. Ba za ka ga malami ya ɓata fili yana sake kwafe layin da ke gabansa ba. Inda almajiri zai iya ɓata, nan yake sa alƙalaminsa. Mai hashiyar ya rasu tun tuni, amma har yau yana riƙe da hannun mai karatu. To, mu jikokinsu, don me za mu zo kan injin zamani mu kasa abin da suka yi da alƙalamin kara?

Akwai kuma sharhin da ya fi na Yaya muni, wanda ke nuna akwai dalili amma ya ƙi faɗinsa. Malamin lissafinmu ya taɓa ba mu labarin wani lauya Bafaranshe mai son lissafi, Pierre de Fermat. Wajen 1637 ya rubuta a gefen wani littafi cewa ya gano hujjar wata mas'ala, amma filin gefen ya yi masa kaɗan. Ya mutu bai bar hujjar ba. Masana suka yi ta fama fiye da shekara 350, sai cikin 1994 wani Baturen Ingila, Andrew Wiles, ya warware ta. Duk lokacin da na ga ɗalibi ya rubuta a gefen aikinsa cewa kada a taɓa nan, bai ce don me ba, sai in tuna da mutumin nan. Shi dai yana da uzurin ƙarancin takarda. Mu wane uzuri gare mu?

Na san abin da masu ja da ni za su ce, kuma ba duka maganarsu ce banza ba. Wasu za su ce lokacin shiga ɗakin kwamfuta kaɗan ne, mutum uku ko huɗu a kan inji guda, ga wuta tana iya ɗaukewa. Gaskiya ne. Amma ai ba kowane layi nake cewa a yi wa sharhi ba. A aiki mai layi 30, wataƙila wuri biyu ko uku ne kawai ke da sarƙaƙiya. Wanda ya bi kowane layi da sharhi ya zama kamar mai rakiyar da ke nuna maka kowace bishiya a hanya, har in ya zo gaya maka akwai rijiya a gaba ka riga ka daina sauraronsa.

Wasu kuma, waɗanda suka ɗan yi nisa, za su ce gwanaye suna cewa aiki mai kyau ba ya bukatar sharhi, sai dai a sa wa kowane abu suna mai ma'ana. Rabin wannan na yarda da shi. In ka kira abu x ko y, ka jawo wa kanka dogon bayani. In ka kira shi kuɗin_buhu, ka huta. Amma duk kyan suna, ba zai gaya maka cewa geron Baba yana da tsakuwa ba.

Maganar da ta fi ƙarfi a wurinsu ita ce, sharhi yana iya yin ƙarya. Wannan kam haka ne. Injin yana kama kuskuren umarni ya ƙi tafiya, amma ba ya kama kuskuren sharhi, tun da ba ya karanta shi. Sai mutum ya sauya makin cin jarrabawa daga 40 zuwa 50 a cikin lissafi, ya manta sharhin yana nan yana cewa 40. Wanda ya zo baya ya gaskata sharhin, ya ɓata. Irin wannan gara babu shi. Amma maganin ciwon ido ba ƙwaƙule shi ba ne. In ka taɓa layi, ka taɓa sharhinsa a zama ɗaya. Haka nan tsofaffin layukan da muke sa wa alamar # a gabansu don mu kashe su, muna cewa wataƙila za a bukace su wata rana, a share su in aiki ya kammala, ko a rubuta dalilin barinsu. Lambar sirri kuwa, ko ta waya ko ta banki, kada a kuskura a ajiye ta a sharhi, don duk wanda ya buɗe aikin zai gan ta.

Saura tambayar da aka fi yi mini a ɓoye: da wane harshe za a rubuta? Na lura da yawa daga cikinmu ba ƙyuya ce ke hana su sharhi ba, tsoron a ga Turancinsu ne a yi musu dariya. To, ku saurara. Injin bai damu ba. Python na yanzu yana karɓar ɗ da ƙ da ɓ ba tare da gardama ba. In aikin na jarrabawa ne, ko wanda za ka yi tare da mutanen wata ƙasa, yi da Turanci, don mai dubawa ya gane. In kuwa lissafin shagon gidanku ne wanda ƙanenka zai gada, Hausar da za ta fitar da dalili sarai ta fi Turancin da zai rufe shi. Masu hashiya ma da suka ga Larabci zai yi wa almajiri nauyi, ajami suka koma.

Kada kuma wani ya ce ai yanzu akwai manhajojin da ke rubuta wa mutum umarni har da sharhinsa, irin su ChatGPT da ta fito a ƙarshen 2022. Na gwada. Na ba ta layin Yaya, ta yi mini bayani tsaf cewa ana ninkawa da 38. Ita ma ba ta san tsakuwar ba, don ba ta taɓa tsayawa a bayan Baba ana tankaɗe ba.

Da yawanmu muna fatan wucewa Jami'ar Tarayya ta Dutse ko makarantun fasaha na Kazaure mu karanci kwamfuta, kuma abin da za mu rubuta yana iya fin mu tsawon rai a wurin aiki. Cikin Afrilun 2020, lokacin annobar korona, sai da gwamnan jihar New Jersey ta Amurka ya fito yana cigiyar waɗanda suka iya COBOL, harshen da aka ƙago tun 1959, don injunan biyan marasa aikin yi na jiharsa sun haura shekara 40 suna tafiya a kansa. Waɗanda suka rubuta umarnin nan ba su san wa zai buɗe shi ba, ba su kuma nan balle a tambaye su. Don haka nake roƙon malamanmu, da girmamawa, su ware wa sharhi maki ko da biyu ne cikin goma, su kuma riƙa musanya mana aiki, kowa ya karɓi na ɗan'uwansa ya bayyana wa aji ba tare da mai shi ya buɗe baki ba. Ranar za a ga wanda ya rubuta dalili da wanda ya riƙe a ciki.

Ni dai na mai da 38 wurinta, na rubuta a gefe cewa Baba yana cire tiya biyu a buhun gero saboda tsakuwa da zuba, na sa kwanan wata. Da Yaya ya zo hutu na nuna masa, sai ya yi dariya ya ce shi kansa da za a tambaye shi yau, sai ya yi tunani kafin ya tuna. Bana Baba ya fara sayen riɗi, ya kuma ce abin da ake cirewa a buhunsa dabam ne da na gero. Ran Asabar in na koma gida zan zauna da shi in ji adadin da dalilinsa kafin in buɗe injin.