Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Jihar Neja Kan Jinyar Masu Larurar Ƙwaƙwalwa

Mai Girma Gwamna, Alhaji Mohammed Umaru Bago,

Mu mazauna Minna muna ganin aikin tituna, muna kuma jin batun noma a bakinka kullum, ba mu raina ba. Amma ranka ya daɗe, akwai wasu talakawanka da ba su da ƙungiya, ba su da mai kai kukansu gidan gwamnati, danginsu ma ɓoye su suke yi a ƙuryar ɗaki. Su ne masu larurar ƙwaƙwalwa. Dominsu na ɗauki alƙalami, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina a ɓace yake.

Ƙanwata ce sila. Ta haihu lafiya, aka yi suna aka watse. Tun ba a yi arba'in ba ta daina barci, ta daina cin abinci, ko kunun kanwa sai an yi da gaske take kurɓa. Jariri na kuka, ita ma tana kuka. Tana cewa ba ta cancanci zama uwa ba, gara a ce babu ita a duniya. Tsofaffi suka ce iska ce, wasu suka ce jifa ne. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka yi ruƙiyya. Ban raina addu'a ba, ni ma na yi iyakar tawa, amma yarinya sai ƙara ramewa take yi. Da abin ya ƙi, muka kai ta wani asibiti. Tun asuba muke kan layi. Da aka shiga da ita, mijinta aka yi wa tambayoyi, ita tana zaune kanta a sunkuye. Aka rubuta ƙwayoyi, aka ce a dawo bayan wata guda. Shigarta da fitarta ba su kai tsawon sallar raka'a biyu ba.

Ba wanda ya ce mata, "Baiwar Allah, me ke damunki?" Ba wanda ya gaya mana cewa magungunan ciwon damuwa sai sun yi makonni a jiki kafin a ga aikinsu, ko cewa wasunsu suna sa kasala da bushewar baki a farko. Da ta sha na 'yan kwanaki ba ta ji sauyi ba, sai ta ajiye. Gida kuwa ya samu abin faɗa: ai dama mun ce ba ciwon asibiti ba ne. Aka koma gidan jiya. Har wani ya ba da shawarar a kai ta inda ake saka mari. Mai jego, ranka ya daɗe, da jariri a hannu!

Ba na ganin laifin wanda ya duba ta, domin na ga dandazon da ke jiransa a bakin ƙofa. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya kaf ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, kuma kullum wasunsu ficewa suke yi zuwa Ingila da Kanada da Saudiyya. Abin da ya ƙona mini rai shi ne tsarin da ya ɗauka cewa jinyar ƙwaƙwalwa ta fara daga takardar magani ta ƙare a kantin magani. Sauƙi bai zo wa ƙanwata ba sai da muka tsallaka wata jiha, inda wata ma'aikaciyar jinya ta riƙa zama da ita mako mako, tana saurarenta, tana warware mata tunanin da ya ɗaure ta, tana ba ta ɗan aikin da za ta yi kafin zama na gaba, tare da maganin da aka yi mana bayaninsa dalla-dalla. Mu Allah Ya hore mana kuɗin mota. Matar manomi a Kuta ko Pandogari fa?

Wannan zama da aka yi da ita ba hira ba ce, jinya ce mai ƙa'ida. Akwai wadda likitan Amurka Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960, inda ake koya wa mara lafiya ya kama mugun tunanin da ke zuwa masa, irin "ni ba ni da amfani", ya auna shi da zahiri, ya kuma koma ayyukan da ya bari sannu a hankali. Akwai wadda ake zama a jera matsalolin mutum, a ɗauki guda a nemo mata mafita. Akwai wadda ke duba zamantakewa: rasuwa, saki, rikicin kishiya ko na surukai. Akwai ta iyali, domin sau da yawa gidan ne ke bukatar a yi masa bayani. Akwai kuma ta waɗanda suka ga tashin hankali, masu firgita cikin barci. Ban ce a bar ƙwaya ba. Mai jin muryoyi ko mai fizge-fizge yana bukatar magani irin haloperidol, mai damuwa mai tsanani yana bukatar irin fluoxetine ko amitriptyline. Abin da nake cewa, an ba mu rabin jinya an riƙe rabi.

Na san za a ce maka babu ƙwararru, babu kuɗi. Kada ka karɓi wannan uzuri. A ƙauyukan Rawalpindi ta Pakistan, Farfesa Atif Rahman da abokan aikinsa sun horar da matan da ke aikin lafiya gida-gida su yi irin wannan zama da masu ciki da masu jego. A sakamakon da suka fitar a 2008, wata shida bayan haihuwa, kashi 23 cikin 100 ne kawai na waɗanda aka zauna da su ke cikin damuwa, alhali a rukunin da ba a yi wa wannan jinya ba kashi 53 ne. A Harare ta Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda tsofaffin mata ya horar, suna zama a kan benci a harabar asibiti, zama shida ga kowane mara lafiya, kuma an tabbatar da amfaninsa. Kai, a nan gida ma, tun 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya fara ajiye marasa lafiya tare da danginsu a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, yana aiki da masu maganin gargajiya. Abin da aka yi a ƙasar nan sama da shekara 70 da suka wuce ne muke roƙo yau.

Kuma jiharmu ta fi jihohi da yawa bukata. 'Yan makarantar Kagara da aka kwashe a Fabrairun 2021, da ƙananan yaran Islamiyyar Tegina da suka yi kusan wata uku a daji a 2021 ɗin, sun dawo, an yi murna, an ɗauki hoto. Wa ke zama da su yau? Mutanen Shiroro da Munya da Rafi da Mariga da suka baro gonakinsu, da iyalan da ambaliyar Mokwa ta Mayun 2025 ta cinye wa 'ya'ya cikin dare ɗaya, buhun shinkafa da tabarma ba sa dawo musu da barci. Ina da yaƙinin cewa da yawa daga samarin da ke shan tramol da wiwi a lungunan Kpakungu da Maitumbi wani ciwo suke dannewa, wanda ba su samu mai saurarensa ba.

A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Na yi farin ciki a lokacin. Amma doka a Abuja ba ta kwance mari a ƙauye. Ina roƙonka ka miƙa wa Majalisar Dokokin Jiha ta yi tata, da kasafinta a rubuce. Kowa ya tuna mutum sama da 300 da aka fito da su daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a 2019, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Kada mu jira sai an bankaɗo irinsa a nan.

Babban roƙona dai shi ne asibitocin matakin farko. Muna da ƙananan hukumomi 25 da mazaɓu 274. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da littafin horo na mhGAP tun tuni, an shirya shi ne domin ma'aikatan da ba likitocin ƙwaƙwalwa ba. A fara da ungozomomi da ma'aikatan awon ciki, domin hukumar ta ce a ƙasashe irin namu kusan mace ɗaya cikin biyar na shiga irin halin da ƙanwata ta shiga bayan haihuwa. A ba su ɗaki mai ƙofa, da lokaci, da babban likitan da za su kira idan abu ya fi ƙarfinsu. A saka darasin a makarantun jinya da na ungozoma da ke Bida da Minna. A sa magungunan cikin inshorar lafiya ta jiha. A kuma kira malamai da limamai da fastoci a zauna da su, domin wurinsu ake fara zuwa, su san alamomin da idan suka gani za su ce a wuce asibiti.

Wani lokaci nakan ce a raina, wa zai karanta wannan, tunda babu kintinkirin da za a yanka a ƙaddamar da shi? Amma na ga ka ɗauki manyan ayyukan da aka ce ba za su yiwu ba. Wannan bai kai kuɗin gada ɗaya ba. Idan ma ba za a iya duka jihar a lokaci guda ba, a gwada a Chanchaga da Bosso da Shiroro na shekara ɗaya, a ƙirga waɗanda aka duba da waɗanda suka samu sauƙi, a fito a gaya wa jama'a.

Allah Ya taimake ka, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani talakanka, daga Minna.