A BAR 'YAN MATA SU YI WASAN KWAIKWAYO

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne wata magana da ta taso a makarantarmu a nan Kafin Hausa, bayan da ɗalibanmu 'yan mata suka yi wasan kwaikwayo ranar rufe makaranta.

Ga yadda wasan yake. An kashe wani yaro ɗan banga a wurin taron siyasa, sai 'yan takara biyu suka shiga jayayya a kan gawarsa, kowa yana cewa yaronsa ne. Na farko ya zo ta'aziyya da buhun shinkafa da mai ɗaukar hoto, ya yi ta kuka, alhali ko sunan mamacin bai sani ba, sai da aka raɗa masa, kuma ya faɗe shi ba daidai ba. Na biyu ya kawo atamfa mai hotonsa. Bayan zaɓe sai ga su sun shiga jam'iyya ɗaya, suna cin abinci a akushi ɗaya, uwar yaro kuwa tana zaune a bakin ƙofa ɗaure da atamfar. Yaran sun ari manyan riguna, sun yi gemu da auduga, aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Da aka zo wurin akushin nan sai wuri ya yi tsit.

Kashegari wata uwa, wadda nake ganin girmanta ƙwarai, ta same ni har gida. Ta ce, "Malama, mutuwa ba abin wasa ba ce, kuma ina ruwan 'ya mace da siyasa? Kada ku jawo wa 'ya'yanmu fushin manya."

To, ni dai ra'ayina shi ne yaran nan ba su yi laifi ba, kuma ba wani baƙon abu suka kawo mana daga Turai ba. Tun zamanin kakanninmu akwai wasan gauta, inda matan fada kan kwaikwayi sarki da hakimansa, har ya ga aibin mulkinsa a cikin raha, abin da ba mai iya faɗa masa ido da ido. Haka nan tashe cikin watan azumi, yara kan kwaikwayi mai rowa da malalaci da mugun miji, a yi dariya a ba su sadaka. Marigayi Malam Aminu Kano ma tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, wajen ƙarshen shekarun 1930, yake rubuta wasannin sukar cuta da zalunci. Ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuwa, a ƙarshen shekarun 1970 har ƙauyuka suka riƙa shiga, irin su Soba da Maska, suna shirya wasa tare da manoma a kan abin da ke damunsu.

Maganar ina ruwan mace da siyasa ita ce ta fi tsaya mini a rai. Jama'a, in an sari yaro da adda, wa ke kwana a gindin gadonsa a asibiti? Wa ke sayar da akuyarta ta je belinsa? Wa ke takaba? Ranar 10 ga Yuli, 1981, lokacin muna cikin Jihar Kano, an yi tarzoma a birnin Kano aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba Gwamna Abubakar Rimi shawara kan siyasa, a cikin gidansa. A watan Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, mutum fiye da 800 suka rasa rayukansu cikin kwana 3 a jihohin Arewa 12, kuma Jigawa na cikin jihohin da rikicin ya shafa. Kowane ɗaya daga cikinsu mace ce ta haife shi. Yawancin yaran da suka yi wasan nan suna da yayye maza, kuma sun san wanda ake zuwa ɗauka da mota in kamfe ya zo, sun san abin da ake ba shi ya sha kafin a miƙa masa gora. Ba mu muka rubuta musu labarin ba, daga bakinsu ya fito.

Amma fa akwai inda na yarda da baiwar Allahn nan. Yarinyar da ta fito a matsayin uwar mamaci ta cika kuka da birgima, har mutane suka riƙa yi mata dariya. Wannan kuskure ne, kuma namu ne malamai da ba mu gyara ba tun wajen gwaji. Ɗan takarar da ya manta sunan gawa shi ya cancanci dariya. A cikin 'yan kallo wataƙila akwai wadda abin ya taɓa faruwa a kanta, bai kamata ta ga ana raha da hawayenta ba. Haka kuma ban yarda a kira sunan wani mutum ko wata jam'iyya ba, ko a sa hula irin ta wani sananne, domin yaran nan a garin za su ci gaba da zama, a nan kuma za a aurar da su.

Ku iyaye mata, in 'yarku ta zo neman aron babbar rigar babanta, ku tambaye ta labarin wasan, in hali ya yi ku je ku gani da idonku kafin ku hana. Ku kuma 'yan makaranta, ku nemi izinin shugabar makaranta da na iyayenku tukuna, kuma kada gwaji ya ci lokacin karatu. Mu dai mun shirya maimaita wasan a zango mai zuwa, wannan karon uwar yaro za ta zauna shiru ba kuka, kuma na aika wa baƙuwata da takardar gayyata.