Ƙeya Ba Kunne Ba Ce

Wani sabon yayi ya fara leƙo mu ta wayoyin 'ya'yanmu. A TikTok da Instagram ana nuna 'yan mata sun ɗage gashi, ga wasu ƙananan ƙwallayen ƙarfe biyu suna ƙyalli a bayan wuya, daidai ƙeya. Wai ado ne. Mu dai a nan Yolde Kohi matsayinmu ɗaya ne: ba mu yarda ba, kuma ba za mu jira sai an fara kai yaranmu asibiti da ruɓaɓɓen wuya sannan mu yi magana ba.

Kada wani ya ce mana ƙauyanci ne ke damunmu. Hausawa ba baƙin huda ba ne. Ana huda wa jaririya kunne tun tana zanin goyo, mata na huda hanci, kakanninmu sun zo Adamawa da zube da bille a fuska, sun kuma tarar da Fulani da nasu zanen. Mun san aska, mun san allura. Sanin da muka yi musu ne ma ya sa muke cewa wannan daban ne.

Ga bambancin. Kunne fata ce mai fuska biyu: allura ta shiga ta gaba ta fita ta baya, rami ya warke, shi ke nan. Ƙeya kuwa shimfiɗaɗɗiyar fata ce. Sai an tsunkule ta an soka allura, a tura wani ɗan ƙarfe ya kwanta a ƙarƙashin fata, kawunansa biyu su leƙo waje. Jiki ba ya karɓar irin wannan baƙo. Yadda yake turo ƙaya idan ta karye a tafin ƙafa, haka yake turo ƙarfen nan a hankali, fatar da ke kansa tana sirancewa, har wata rana ya fito ko ya yage. Su kansu masu wannan sana'a a Turai da Amurka suna gaya wa mai zuwa cewa irin wannan huda tana ɗaukar watanni ba ta warke ba, kuma da yawa ba ta zama. Wannan ne ba a nunawa a bidiyo. Ranar huda kawai ake ɗauka, ba a ɗaukar ranar mugunya.

To bare mu da muke Yola. A Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, gumi na gangarowa daga kai zuwa wuya yini guda. Ga hijabi, ga ɗankwali, ga jelar kitso, ga man gashi, ga matashin kai da dare, duk a kan ƙeya suke gogawa. Sannan wuri ne da mai shi ba ya gani. Yarinyar da ta ɓoye wa uwarta, wa zai duba mata ya ce wurin ya yi ja? Sai ya fara wari tukuna. Ƙarfen 'yan koli kuma, wanda ba a san da me aka haɗa shi ba, shi ma kan jawo ƙaiƙayi da ƙuraje.

Akwai kuma tabo. Baƙar fata ta fi saurin yin tabon nan mai tudu da likitoci ke kira kiloid, wanda ke ci gaba da girma ya wuce bakin ciwon, kuma ko an yanke shi yakan dawo. Ku dubi ƙeyar wasu mazajen da aski ya bar wa ƙuraje masu tauri. Wurin ba ya raina rauni. Adon wata uku, tabon har kabari. Wannan ciniki ne?

Amma babban abin tsoro yana bakin allura. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wato kusan mutum ɗaya cikin goma sha biyu, kuma akasarinsu ba su sani ba. Ƙwayar cutar tana iya rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe har kwana bakwai. Gogawa da sifirit ko ɗan nuna wa allura wutar ashana ba tabbas ba ne. Asibiti da tukunyar tururi mai matsi yake tsabtace kayan aiki. Wane shagon kitso ne ke da ita? Ga ƙanjamau, ga cutar sarƙe haƙora, duk ta wannan ƙofa suke shiga. Don haka muna gaya wa masu shagunan kitso da lalle: ku tsaya a kan abin da kuka iya. Kallon bidiyo sau biyu bai mai da kowa likita ba, kuma duk wadda ta soka wa 'yar mutane allura a wuya ba da sanin iyayenta ba, ta san da unguwa za ta yi shari'a. Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ma ta hana yi wa yaro zane ko tsaga a fata.

Yanzu kuma ga manya, masu saurin cewa yaran zamani sun lalace. Malam, kafin ka ɗaga murya, askar da aka yi wa jaririnka askin suna, kai nawa ta bi a ranar? Ƙahon da aka kafa maka a ƙeya da tsagar da aka yi kafin a ja jinin, sabuwar reza ce? Belin da aka cire wa jikarka, Hajiya, da wane ƙarfe? Ƙwayar cuta ba ta san wannan al'ada ce wancan yayi ne ba. Jini kawai ta sani. Kuma ga jariri abin ya fi muni: cikin jarirai goma da suka kamu da ciwon hanta, kusan tara za su zauna da shi har girma, wasu ya kai su ga lalacewar hanta ko ciwon daji suna tsakiyar ƙarfinsu. Ba daidai ba ne a tasa ƙeyar yarinya da faɗa kan allura, alhali aska ɗaya na zagaya gidaje biyar ba wanda ya ce uffan.

Ba wanzamai muke zagi ba. Sana'a ce ta gado mai daraja, kuma da yawansu sun riga sun koma sabuwar reza ga kowane mutum. Waɗanda suka rage ne muke kira, kuma shugabannin wanzamai su suka fi kowa iya tsawatar musu. Reza nawa take? Mai gida ya saya da kansa, a ɓare ta a gabansa, a binne ta ko a ƙona bayan an gama.

Abin da muke nema a unguwar nan ba shi da yawa. Mutum ɗaya, reza ɗaya, ko aski ne ko ƙaho ko hudar kunne. Kowane jariri a kai shi a yi masa allurar rigakafin ciwon hanta cikin awa 24 da haihuwa. Tun 2004 tana cikin rigakafin yara a ƙasar nan, kuma kyauta ce a asibitin gwamnati. Manya su je a gwada jininsu, ga Asibitin Ƙwararru a Jimeta, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama a Yola. Limamai da malaman Islamiyya su sa wannan magana cikin nasiha, mai unguwa ya zauna da masu shaguna.

Wadda kuwa ta riga ta yi hudar, iyaye ku ajiye bulala. Duka ba ya fitar da mugunya, ƙara ɓoyewa kawai yake sawa. Kada a fizge ƙarfen a gida, kada a cusa toka ko man birki. A kai ta wurin ma'aikacin lafiya ya duba, musamman idan akwai zazzaɓi, kumburi ko ruwa mai wari. Faɗan ya biyo baya, in ta warke.

'Yan matanmu, ba wanda ya hana ku ado. Ga lalle, ga kitso, ga tozali, ga 'yan kunne iri-iri a kasuwar Jimeta. Wadda kuke kallo a waya ba za ta biya muku kuɗin magani ba, ba ta ma san kuna duniya ba. Ku bar ƙeyarku yadda Allah ya yi ta. Allah ya tsare mana zuri'a.